Gawa a tsakiyar biki: me ya sa Turawan Ingila ke karanta labaran kisan kai a lokacin Kirsimeti?

Duk shekara, da zarar watan Oktoba ya kama, shagunan littattafai a Birtaniya sukan fara jera wasu littattafai masu bango kusan iri ɗaya: ɗan ƙauye da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, hasumiyar coci, fitilu a tagogi, bishiyar Kirsimeti, sannan can a gefe ɗigon jini ko kwalbar guba. Abin da ke ciki labarin kisan kai ne. Mutane na saye su kai wa iyaye da kakanni a matsayin kyautar biki, gidajen talabijin kuma su ware dararen hutun don nuna finafinan irin waɗannan labarai. Wanda bai saba ba dole ya yi tambaya: ta yaya bikin da masu shi ke kira na salama da sada zumunci ya zama kakar cinikin labaran kisa? Ƙeƙashewar zuciya ce, ko raina addini, ko kuwa akwai abin da mai hange daga nesa bai gani ba?

Amsar da na gamsu da ita ita ce, ba mutuwar ake saye ba. Abin da ake saye shi ne garin da kowa ya san kowa, inda in an yi ɓarna gaskiya kan fito kafin a tashi daga biki. Amma wannan amsa tana da nata farashin, kuma masu sukar waɗannan littattafai ba a banza suke magana ba.

Wane irin labari ake nufi?

Labaran laifi kala-kala ne, kuma yawancin rashin fahimtar daga haɗa su wuri guda yake tasowa. Akwai masu nuna ta'asa filla-filla, da mahaukacin makashi da ke bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Akwai na 'yan sanda, masu bin yadda ake gwajin jini da zanen yatsa da yi wa mutum tambayoyi a caji ofis. Wanda muke magana a kansa daban ne, zan kira shi labarin kisa mai taushi.

Ana yin kisan ne a bayan fage. Mai karatu ba ya ganin lokacin da rai ke fita, sai dai a buɗe ƙofa a tarar da gawa. Babu batsa, babu ashar, ba a taɓa yara. Wurin ƙarami ne, ƙauye ko babban gida ko masauki ko ƙungiyar mawaƙan coci, ta yadda waɗanda ake zargi ba sa wuce 'yan ƙalilan, kuma dukkansu sun san mamacin. Mai gano gaskiyar galibi ba ɗan sanda ba ne: tsohuwa ce mai saƙa, ko limamin coci, ko mai shagon burodi, ko malamar makaranta da ta yi ritaya. Ba ta da bindiga, ba ta da ikon kama kowa. Kunne gare ta da lura, da sanin halin mutane. A babin ƙarshe a tara kowa a falo, a warware zaren daga farko har ƙarshe, a nuna mai laifi.

Na biki kuwa shi ne wanda aka ɗora duk wannan a kan kwanakin Kirsimeti zuwa sabuwar shekara, da abincinsa da waƙoƙinsa da baƙinsa.

Tushen abin: bayan yaƙi aka fara

Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu wannan salo ya kafu. Birtaniya ta yi asarar sama da mutum 700,000 a yaƙin 1914 zuwa 1918, kusan duk ƙauye akwai dutsen da aka rubuta sunayen samarinsa da ba su dawo ba. Da yawa daga cikinsu ba a ga gawarsu ba, balle a san wanda ya harbe su, balle a ce ga dalili. Mutanen da suka fito daga wannan hali su ne suka rungumi labarin da mutum ɗaya tak ke mutuwa, a san sunansa, a damu da sanin ƙarfe nawa ya cika, a bi diddigi har a gano hannun da ya kashe shi. Wata masaniyar adabi, Alison Light, ta siffanta irin waɗannan rubuce-rubuce da adabin masu murmurewa daga jinya. A ganina ta dace da gaskiya.

Agatha Christie, wadda sunanta ya fi na kowa fita a wannan fage, ta yi aikin jinyar sojoji a garinsu Torquay lokacin yaƙin, daga baya ta koma ɗakin haɗa magunguna. A can ta san guba da awonta, shi ya sa guba ta yawaita a littattafanta. Littafinta na farko ya fito a 1920, kuma kafin rasuwarta a 1976 ta rubuta littattafan bincike 66.

Marubutan wannan zamani sun ɗauki abin a matsayin wasan ƙwaƙwalwa tsakaninsu da mai karatu, har da dokoki. A 1929 wani limamin Katolika, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin irin waɗannan labarai ne, ya fitar da dokoki 10. Daga ciki: dole mai laifi ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari; ba a yarda aljani ko tsafi ya warware matsala ba; ba a kawo gubar da kimiyya ba ta sani ba; duk alamar da mai bincike ya gani sai an nuna wa mai karatu; kada a fito da tagwaye bagatatan a ce ai ɗayan ne ya aikata. A 1930 aka kafa ƙungiyar marubutan bincike a Landan, G. K. Chesterton ne shugabanta na farko, Christie da Dorothy L. Sayers na cikin mambobi. Ba kowa ya bi dokokin sau da ƙafa ba, Christie kanta ta karya wasu. Amma ruhinsu ya zauna: kada marubuci ya yi maguɗi. In mai karatu ya kai ƙarshe ya ga an kayar da shi, ya kamata in ya koma baya ya tarar cewa amsar tana gabansa tun tuni, shi ne bai lura ba.

Me ya sa sai ƙaramin gari?

Dalili na farko na sana'a ne. A birni mai miliyoyin mutane kowa na iya zama makashi, don haka babu wasan da za a yi, sai dai aikin 'yan sanda. A ƙauye mai gida ɗari, wanda ya san cewa tsohon yakan sha shayinsa da ƙarfe 4, ya san ƙofar baya ba ta kulluwa, ya san karen gidan ba zai yi masa haushi ba, to ba baƙo ba ne. Da ɗan gari akan ci gari. Wannan shi ne abin tsoron da ke ƙarƙashin taushin: wanda ya aikata yana cikin waɗanda suka zo gaisuwa.

Na biyu ya shafi yadda ake gano gaskiyar. Miss Marple, tsohuwar da Christie ta ƙirƙira, wadda cikakken littafi na farko a kanta ya fito a 1930, tana zaune ne a wani ƙauyen ƙage mai suna St Mary Mead. Dabararta ita ce duk wanda ta gani sai ya tuna mata da wani da ta taɓa sani a ƙauyensu: wannan saurayi mai fara'a irin yaron mahaucin nan ne da ya riƙa taɓa kuɗin ciniki, waccan baiwar Allah mai yawan kuka irin matar da ta binne maza biyu ce. Tana ganin halin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina, wanda ya zauna a ƙauye shekara sittin da ido buɗe ya gama ganin duk nau'insa. Kowace unguwa tana da tsohuwa irinta, wadda ba ta fita ko'ina amma ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba da gidan da aure ke tangal-tangal. A rayuwa akan ce mata magulmaciya. A wannan adabi ita ce tauraruwa, kuma raina ta da 'yan sanda ke yi shi ne ƙarfinta, domin ba wanda ke ɓoye bakinsa a gabanta.

Na uku shi ne wanda mawaƙi W. H. Auden ya yi bayani a wata maƙala da ya wallafa a 1948. Ya ce shi da kansa da wuya ya iya karanta labarin bincike in ba a karkarar Ingila aka kafa shi ba. A fahimtarsa, dole wurin ya zama mai kama da marar aibi, don gawar ta zama abin da bai dace da wurin ba ko kaɗan. Da an yi kisan, zargi ya hau kan kowa, kowa na kallon maƙwabcinsa a kaikaice, asirai na tonuwa. Aikin mai bincike shi ne ya tattara laifin da ya bazu a kan kowa ya ɗora shi a kan mutum ɗaya, a fitar da shi, sauran su koma su amince da juna. Wato maganin da labarin ke bayarwa na zaman tare ne, kamun mai laifi hanya ce kawai.

To, Kirsimeti fa?

Nan ne abin ya fi armashi, domin dalilai da dama ne suka haɗu.

Tun kafin labarin bincike, Turawan Ingila suna da al'adar ba da labaran fatalwa a daren jajibirin Kirsimeti. A ƙarshen Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, ga sanyi, ga dogon dare, iyali na kewaye da murhu. Shahararren labarin Kirsimeti na Charles Dickens da ya fito a 1843 labarin fatalwowi ne. Mujallu kan fitar da bugu na musamman don hutun, kuma a cikin irin wannan bugu na Kirsimetin 1887 ne Sherlock Holmes, shahararren mai binciken nan na ƙagaggun labarai, ya fara bayyana a duniya. Saboda haka jin ɗan tsoro alhali kana cikin ɗumi da aminci tsohon abu ne a bikin. Gawa ce kawai ta gaji fatalwa.

Sai kuma taron dangi. Babu lokacin da ya kai Kirsimeti tara mutanen da suka daɗe ba sa ga maciji a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ɗan da ya yi fushi ya bar gida shekara ashirin ya dawo. Surukar da ba a so ta zo. Wanda ake bi bashi da mai bin sa suna cin abinci a teburi guda. Kowa na murmushin dole, domin al'ada ta ce ranar farin ciki ce. Marubuci ba ya buƙatar ƙirƙiro dalilin da zai sa maƙiya su kwana gida ɗaya, bikin ya riga ya yi masa wannan aiki.

Littafin Christie na 1938, *Hercule Poirot's Christmas*, shi ne misalin da aka fi kafa hujja da shi. Wani tsohon attajiri mai mugun hali, wanda ya yi arzikinsa da lu'ulu'u a Afirka ta Kudu, ya kira 'ya'yansa su zo biki. Ba don kewa ya kira su ba, don ya wulaƙanta su ne, ya kuma bari su ji yana maganar sauya wasiyya. A daren jajibiri aka ji ihu da faɗuwar kaya, aka fasa ƙofar ɗakinsa da ke kulle ta ciki, aka tarar an yanka shi. Abin lura, wannan littafi ba shi da taushi sosai. Christie ta sadaukar da shi ga mijin yayarta, wanda ya yi mata ƙorafin cewa kashe-kashen littattafanta sun cika tsafta, shi yana son wanda jini ya kwarara. Wannan ya nuna cewa tsauraran iyakokin da ake bi yau, na ɓoye jini da sassauta komai, daga baya kasuwa ta ƙara ƙarfafa su.

Na uku dusar ƙanƙara. Ita ce ke rufe hanya, ta tsinke wayar tarho, ta hana 'yan sanda isowa, ta hana mai laifi gudu. Tana kuma riƙe sawu: in babu sawun da ya shigo daga waje, magana ta ƙare, makashin na cikin gida. Wasan kwaikwayon Christie mai suna *The Mousetrap*, da aka fara nunawa a Landan a 1952 kuma ake ci gaba har yau in ban da tsaikon annobar korona, a masaukin da ƙanƙara ta datse aka kafa shi. Gaskiyar magana, a kudancin Ingila ba kasafai dusar ƙanƙara ke sauka ranar Kirsimeti ba. A littafi kuwa kusan kullum sai ta sauka, domin labarin ba ya tsayuwa sai da ita.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Kirsimeti ba kowa yake yi wa daɗi ba. Akwai wanda ke kaɗaici, akwai wanda kujerar mamacinsa ke nan babu kowa, akwai wanda zaman kwana uku da danginsa azaba ne. Tallace-tallace da finafinan soyayya na lokacin suna nuna iyali cikin annashuwa kawai. Labarin kisa ne ke yarda cewa a ƙarƙashin kyaututtukan akwai hassada da gaba da rigimar gado. Mai karatun da ya gaji da murmushin dole yakan sami sauƙi a littafin da ya faɗi wannan a fili, sannan ya daidaita komai kafin shafin ƙarshe.

Hannun kasuwa

Ba son masu karatu kaɗai ya raya al'adar ba. Watannin ƙarshen shekara su ne kakar cinikin littattafai a Birtaniya, kuma kamfanin da ke buga littattafan Christie ya daɗe yana tallata sabon littafinta na kowace shekara a matsayin kyautar Kirsimeti, har abin ya zama take. Littafin kisa mai taushi kyauta ce marar haɗari: za ka iya ba kakarka ko shugabanka a wurin aiki ba tare da fargabar abin kunya a ciki ba.

Salon ya yi sanyi na wani lokaci, da labaran 'yan leƙen asiri da na ta'asa suka karɓe kasuwa, amma talabijin ya riƙe shi. A Amurka shirin *Murder, She Wrote* ya gudana daga 1984 zuwa 1996, inda wata marubuciya bazawara ke warware kashe-kashe, da yawansu a ɗan garinsu na bakin teku. A Ingila *Midsomer Murders* ya fara a 1997.

Dawowarsa da ƙarfi a littafi tana da matakai biyu da ake iya nunawa. A 2014 Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya sake buga wani littafin 1937 da aka manta da shi, *Mystery in White* na J. Jefferson Farjeon. Labarin fasinjojin jirgin ƙasa ne da ƙanƙara ta tsayar a jajibirin Kirsimeti, suka taka zuwa wani gida suka tarar da wuta na ci a murhu, an shirya shayi, amma babu kowa. Littafin ya yi kasuwar da ba wanda ya zata, daga nan kamfanoni suka shiga tono tsofaffi suna kuma neman sababbi. Mataki na biyu a 2020 ne, ana tsakiyar annobar korona, lokacin da Richard Osman ya fitar da *The Thursday Murder Club*, labarin wasu tsofaffi huɗu a unguwar 'yan ritaya da ke binciken kisa. Shi ne ya zo na ɗaya a ciniki a makon Kirsimetin shekarar. Ba na ganin haɗuwar wannan da annoba a matsayin katari. Mutane na kulle a gida, ana sanar da adadin mamata kullum, tsofaffi ne suka fi mutuwa, sai ga littafin da tsofaffi ne jarumai, masu wayo da abokai da abin yi. Abin da ya faru bayan 1918 ne ya maimaita kansa.

Sababbin marubuta sun sauya kayan aiki, ƙashin bayan bai sauya ba. Janice Hallett, a ɗan littafinta na Kirsimetin 2023, ta ba da labarin wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta ƙaramin gari da ke shirya wasa don tara kuɗin gyaran rufin coci, kuma gaba ɗaya labarin ta saƙonnin imel da na waya aka ba da shi. Mai karatu ne ke tsintar gaskiya daga gulma da habaici da rigimar shugabancin ƙungiya. A Kanada, Louise Penny ta kafa jerin littattafanta a wani ƙauyen ƙage a lardin Kebek.

Abin da masu suka ke cewa

Suka mafi tsufa ita ce ta Raymond Chandler, marubucin labaran laifi na Amurka, a maƙalarsa ta 1944. Ya ce waɗannan labarai na Ingila ƙarya ce aka yi wa ado: mutanen cikinsu 'yan tsana ne da ake juyawa don dabarar ta yi aiki, kisan kuma an yi shi ne kawai don a samar da gawa. Kisa na gaskiya, a cewarsa, yana da dalilai na gaskiya, kuma a lungu ake yinsa, ba a lambun limamin coci ba. Yana da gaskiya ta wani ɓangare, sai dai ya auna abin da ma'aunin da ba nasa ba. Masu rubuta shi ba su taɓa da'awar cewa rahoton 'yan sanda suke rubutawa ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi a wurina, ita ce yadda ake yi da mamacin. Don kada baƙin ciki ya ɓata wasan, kusan kullum wanda aka kashe mugu ne: marowaci, azzalumi, mai tona asirin mutane don karɓar kuɗi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, haka labarin ke raɗa wa mai karatu. Ba wanda ke kuka na gaske, ba marayan da aka bari, ba uwar da ta kasa cin abinci. Sannan labarin kan tsaya a daidai inda abin zai yi ɗaci. A zamanin Christie rataya ce hukuncin kisan kai a Birtaniya, sai a 1965 aka dakatar da ita, amma da wuya littafi ya bi mai laifin har can. Ana nuna shi a falo, 'yan sanda su fita da shi, a kawo shayi. Kuma a rayuwa ta gaskiya kisan cikin gida ba ya kama da wannan. Yawanci mace ce ke mutuwa a hannun miji ko tsohon masoyi, kuma ƙungiyoyin da ke taimakon matan da ake duka a Birtaniya sukan yi gargaɗi duk shekara game da kwanakin hutun, lokacin da giya da matsin kuɗi da zaman gida ke haɗuwa. Wanda ya taɓa rasa wani ta wannan hanya yana da cikakken haƙƙin ƙin waɗannan littattafai.

Ta uku ita ce wa ake nunawa a ƙauyen, wa aka goge. Ƙauyen tsofaffin littattafan na masu hali ne. Barori na nan, amma don su kawo shayi su ba da shaida cikin rawar murya. Ɗaya daga dokokin Knox ma cewa ta yi kada Basine ya fito a labari. Masu kare shi na cewa yana yaƙi ne da al'adar marubutan lokacin ta ɗora kowane laifi a kan baƙo ɗan Gabas, amma ko a hakan dokar ta nuna irin duniyar da ake rubutu a cikinta. A 2011 an dakatar da mai shirya *Midsomer Murders* bayan ya faɗa wa wata mujalla cewa shirin ba ya sa waɗanda ba fararen fata ba domin hakan zai ɓata siffarsa ta ƙauyen Ingila. Daga baya shirin ya sauya. Wannan rigima ta tona cewa kewar da ake sayarwa, ga wasu, kewar Ingila ce da babu baƙi a cikinta.

Masu kare salon suna da amsa mai ƙarfi guda: a wane adabi ne kuma tsohuwa, ko bazawara, ko ɗan ritaya ke zama wanda ya fi kowa basira? Mata ne suka fi rubuta shi, mata ne suka fi karanta shi, kuma wani ɓangare na rainin da ake yi masa daga nan ya samo asali.

Mai karatu na wajenmu

Wannan salo yana isowa gare mu ta finafinai da manhajojin kallo fiye da ta littafi, kuma an riga an gwada shi a Afirka: jerin littattafan Alexander McCall Smith da suka fara a 1998 sun kafa wata mata mai binciken sirri a Botswana, ko da yake matsalolin da take warwarewa sun fi karkata ga ɓatan mutane da ha'inci fiye da kisa.

Amma akwai sharaɗin da dole a faɗa. Ingila da Wales, masu mutane kusan miliyan 60, kisan kai a cikinsu ba ya kai 1,000 a shekara. Mai karatu a can yana wasa da abin da da wuya ya same shi, kuma ya yi imani cewa in ya faru za a bincika. Mutumin da ke ƙauyen Zamfara ko Katsina ko Filato, wanda aka kashe masa mutane da rana tsaka, ya san waɗanda suka yi, kuma ba a kama kowa ba, matsalarsa ba ta gano mai laifi ba ce. In ya ji an ce kisa a ƙauye abin nishaɗi ne, ba zai ji daɗi ba, kuma bai yi kuskure ba. Duk da haka ina ganin abin da labarin ke alkawari, wato ran mutum ɗaya ya isa a tsayar da komai a bincika, mu muka fi kowa ƙishirwarsa.

Marubutanmu na Hausa, waɗanda soyayya da zaman aure suka fi yawa a rubutunsu, suna da kayan aikin a hannu in suna so. Sallah na tara dangi a gidan gado, da 'yan uba da kishiyoyi da rigimar gona, haka Kirsimeti ke mayar da mutane garuruwansu a kudancin Kaduna da Filato. Sai dai kwafe tsarin Ingila ba zai yi ba, domin abubuwa biyu sun bambanta. Na farko dokar Knox ta hana tsafi: a wurinmu, in attajiri ya faɗi ya mutu bayan cin tuwon Sallah, zargin sammu zai riga zargin guba, kuma da wannan zargi mai binciken zai fara kokawa. Na biyu gawar kanta. Labarin Ingila ya dogara da gawa da ke jiran likita ya duba ta, a yi zaman bincike a gaban hukuma. A gidan Musulmi wanda ya rasu da hantsi an kai shi makwanci kafin la'asar, kuma dangi da yawa ba sa yarda a yanka gawa. Wanda ya ga jikin da idonsa shi ne mai wanka, shi kuma addini ya hore shi da ya rufa asirin abin da ya gani. Marubucin da zai rubuta irin wannan labari da Hausa dole ya yanke shawarar abin da mai wankan zai yi in ya ga tabon da bai kamata ya gani ba, da kuma wanda zai fara faɗa wa, mai unguwa ko liman ko uwargidan mamacin.